Saura Yatsa Huɗu

Yatsa huɗu ne kawai matsalar. A riƙe wannan tun yanzu, don ramin da aka haƙa, da bahon da ya maƙale, da ƙararrawar da ta tashi unguwa, duk daga yatsa huɗun nan suka fito.

Inna ce ta zame a bakin famfo ta karye a ƙugu. Likita ya yi abin da zai yi, ya ce nan da kwana goma za a sallame ta, amma a keke za ta zauna na wani lokaci. Saboda haka ɗakin da za ta koma ya zama keke na shiga, kuma babu tudu, babu matakala. Babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya, tsohuwar malamar lissafi ce, tana yawo da tef ɗin awo a jaka kamar yadda wasu matan ke yawo da turare. Ta auna keken a asibiti, ta zo gida ta auna ƙofar ɗakin Inna, ta ce keken ya fi ƙofar faɗi da yatsa huɗu.

"Shi ke nan, ta dawo gidana," in ji ta, tana naɗe tef.

Ƙanenta, wanda ke zaune a gidan shi da matarsa, ya ajiye kofin shayi da ƙarfi.

Injiniya ake ce masa, kuma ba a makaranta ya samo sunan ba. Shekara ashirin da shida ya yi a wani ofis yana buga hatimi a takardu, har ya yi ritaya bai ɗaga abin da ya fi hatimin nauyi ba. Wata rana ya kwance fankar falo don ya gyara ƙarar da take yi. Da ya mayar, ƙarar ta tafi, amma fankar ta koma tana hura wa silin iska. 'Yan unguwa suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta a jikin ƙofar gida. Gajere ne mai tumbi, ƙirjinsa na riga shi shiga wuri. Inna da Yaya kaɗai ke ce masa Auta.

"Yaya, da raina Inna ba za ta kwana a gidan suruki ba. Shekara hamsin da ɗaya tana gidan nan. Jiya a asibiti ta riƙe hannuna ta ce, Auta, ka mayar da ni ɗakina."

"Ni ma ta riƙe nawa ta faɗa. Amma ƙofa ba ta jin roƙo."

"Ƙofa dai? Ni za a gaya wa ƙofa?"

"Kai da kwan fitila ma in ka canja sai an kira mai gyara."

"Wayar ce ta tsufa!"

"To ji. Ranar Asabar ta sama zan ɗauko ta, mu biyo ta nan. In keke ya shiga da ita a kai, ba ɗagawa ba ciccibawa, ta zauna. In bai shiga ba, ko motar ba zan kashe ba."

Injiniya ya buga ƙirji ya ce ta zo da 'yan kallo.

Washegari aka kira Birkila, wani dattijo mai tsimin magana kamar saya yake yi. Ya dubi ƙofar, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce aikin rabin yini ne. A cire firam, a fasa bulo ɗaya ta gefe, a ƙara wa ƙyauren katako siriri, a mayar. Kafin la'asar an share wuri.

Wannan sauƙin ne ya ɓata wa Injiniya rai. Uwa guda, ta sha wahalar asibiti, a tarbe ta da aikin rabin yini? Kuma Yaya ta zo ta ga faci a jikin ƙyaure ta taɓe baki? Ya ce wa Birkila ya jira, ya sa hula ya fita.

A bayan tashar mota akwai wani fili inda ake zube abin da ya rage in an rushe tsofaffin gine-gine: ƙyamare, tagogi, kawunan famfo, ƙarafan baranda, matakalar ƙarfe da ta hau sama ba ta je ko'ina ba. Mai wurin, Dillali, mutum ne da ko ƙusa ka ɗauka sai ya gaya maka gidan alƙalin da aka zare ta. Ya ga Injiniya daga nesa, ya ga tafiyar, ya tashi da kansa ya kakkaɓe masa kujera.

"Ranka ya daɗe, daga ganinka ka san kaya. Zo ka ga abin da ba na nuna wa kowa."

Ƙofa ce mai ƙyaure biyu, baƙin katako, da gilashi ja da kore a sama, da mariƙin tagulla kamar damtsen mutum. Daga wani tsohon otal aka ciro ta. Dillali ya ce jakadu goma sha ɗaya sun bi ta cikinta, ɗaya ma ya yi tuntuɓe, ga wurin.

"Za ta shiga?" in ji Dillali. "Ka zo da awo?"

"Idona ne awo," in ji Injiniya. Ya rufe ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa, ya ce daidai take kamar don ɗakin aka yi ta.

Da yamma mota ta sauke ƙofar a tsakar gida. Dillali ya ga tsohon ƙyauren Inna da aka cire an jingine, mai koren fenti duk ya ɓaɓɓare, ya ce bari ya tafi da shi kar ya tare musu hanya. Injiniya har godiya ya yi masa.

Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta fito daga kicin tana goge hannu. Mace ce da ba ta ɗaga murya, ba ta kuma ɓata kalma. Ta dubi ƙofar daga ƙasa har sama, sai da ɗankwalinta ya zame.

"Baban 'Yan Biyu, ita ce za a saka wa ɗakin, ko ɗakin za a saka a cikinta?"

"Ke me kika sani a harkar gini?"

"Babu. Tambaya ce."

Da safe Birkila ya fasa bango, ba bulo ɗaya ba, rabin bangon. Mutum shida suka tayar da ƙofar. Ta wuce linta, ta wuce silin, kanta ya leƙa saman kwano.

"Ta fi ɗakin tsayi da kamu guda," in ji Birkila. "Sai a yanke ƙasanta."

"A yanke? Ka san su wa suka bi ta nan?"

"Ko su wane ne, ba a keke suka bi ba."

"Malam, ba a yanka tsohon abu. Gida ne ke bin kaya, ba kaya ke bin gida ba. A ɗaga rufi."

"Aikin wata guda ne."

"To a saukar da ƙasa."

Birkila ya dubi daɓen.

"Yallaɓai, likita ya ce ba matakala."

"Wa ya ce maka matakala? Haƙa za mu yi."

Aka fitar da gadon Inna da akwatinta da rediyonta aka tara a baranda, aka shiga fasa daɓe. Kwana biyu ana haƙa, ana kwashe ƙasa da baro ana zubawa a ƙofar gida, har tulin ya hana mai kayan miya wucewa da kurarsa. A rana ta uku Injiniya ya ga ma'aikata na sanyin jiki, ya tuɓe riga ya karɓi diga don ya nuna musu yadda ake yi. Sara na farko ya sami ƙasa. Na biyu ya sami iska. Na uku ya sami bututun ruwa.

Ruwa ya tashi tsaye har silin, ya dawo a kansa.

Ba a jima ba sai ga Mai Aski, wanda shagonsa ke manne da bangon gidan, da reza a hannu. A bayansa akwai wani mutum ɗaure da tawul a wuya, rabin kansa kumfa, ya dai biyo rezar.

"Injiniya, ruwana ya ɗauke."

"Bai ɗauke ba. Ga shi nan."

"A shago nake son sa."

"To wa ya ce ka bi da bututunka ta ƙarƙashin ɗakin uwata?"

"Babanka ne ya bi da shi, Allah ya jiƙansa, tun kana yawo ba wando!"

"Da wando nake yawo tun ina shekara biyu, a tambaya!"

Mai kumfa ya sunkuya ya tari ruwan ya wanke kansa, ya juya ya tafi da rabin askinsa.

Birkila ya ce a kira mai gyaran famfo. Injiniya ya ce kiran mai famfo a gidan injiniya abin kunya ne, ya yanko robar taya ya naɗe bututun ya ɗaure tamau. Feshin ya tsaya. Tsattsafo bai tsaya ba. Aka zuba siminti a kai, siminti ya bushe ko'ina ban da nan, kullum safiya sai a tarar ruwa ya kwanta har idon sawu.

Amma ƙofa ta shiga. Wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ta tsaya ƙyam, rana na ratsa gilashinta tana zuba ja da kore a cikin rami. Mutum in ya zo daga tsakar gida ya tura ta, sai ya ga ɗakin yana can ƙasa, kamu guda, kamar rijiyar da aka fasa haƙawa.

Dillali kuwa ya gane hanya. Ranar Laraba ya zo da kansa da bahon wanka na ƙarfe mai ƙafafun zaki, ya ce na matar wani babban likita ne, kuma mai ciwon ƙugu ba abin da take bukata irinsa. Mutum takwas suka sauke shi cikin ramin suna nishi. Suka nufi banɗakin da ke cikin ɗakin, baho ya tokare.

"Yatsa nawa?" in ji Injiniya.

"Kar ka tambaya," in ji Birkila.

Aka ce to a fitar da shi. Mutum takwas ɗin suka dubi tudun kamu guda, suka dubi bahon, suka ce saukewa aka kira su. Baho ya zauna a tsakiyar ɗaki yana fuskantar ƙofa. Injiniya ya zagaya shi sau biyu ya ce a manyan gidaje dama haka ake yi. Maman 'Yan Biyu ta samo masa amfani: duk safiya ta kwashe ruwan da ya tsattsafo ta juye a ciki, don ya fi kusa.

Ranar Alhamis ƙararrawa ta iso. Injiniya ya ce Inna ba za ta riƙa ɗaga murya tana kira ba. Ƙararrawar tsohuwar firamaren unguwa ce da aka rushe bara, tagulla, girman tukunya. Aka rataye ta a katakon rufi, igiyarta na lilo daga bakin ƙofa. Ya ce bari ya gwada.

Duk namijin da ya haura arba'in a layin nan a wannan makarantar ya yi karatu. Mai Aski ya tsinci kansa tsaye ƙyam a shago, hannuwa a cinya, reza a ƙasa. Mai shayi ya tura burodi a aljihu ya fara gudu kafin ya tuna shekarunsa. Tsohon hedimasta da ke ƙarshen layi, wanda rabonsa da fita tun damina, ya fito da sanda yana tambayar su wa suka makara.

Mai Aski ya leƙo ta katanga, jijiyar wuya a tashe.

"Ka ƙara kaɗa abin nan, wallahi sai na aske maka gira."

"Jahilci ne ke damunku. Wannan tarihi ne."

"Tarihin bulala! Har yanzu bayana na tunawa."

Saura kwana ɗaya, Birkila ya tsaya a bakin ramin ya yi tambayar da tun Litinin take cinsa: ta ina keken zai sauka?

"Gangara," in ji Injiniya, kamar an tambaye shi sunansa.

"In zuba ta siminti ba za ta bushe kafin gobe ba. Nan wurin ma ba ya bushewa."

"Siminti a gaban wannan ƙofar? Kai dai ba ka da ido."

Ya koma filin bayan tasha. Dillali ya saurara, ya shafa gemu, ya shiga can ciki ya daɗe, ana jin ƙarar samfefa tana goge katako. Ya fito da wani falankin katako mai kauri, fuskarsa a goge sumul, fari tas. Ya ce daga daɓen wani jirgin ruwa aka ciro shi, ɗakin kyaftin.

"Wannan hudar fa?" in ji Injiniya, yana sa yatsa a wani rami a gefe.

"Ta nan kyaftin ke leƙa teku. Sai dai kar ka juya shi, ranka ya daɗe. Gishiri ya cinye bayan, ba kyan gani."

Da aka kawo, Birkila ya tsuguna ya shafa katakon, ya dubi hudar, ya dubi wasu ramukan ƙusa uku-uku a ɗaya gefen.

"Yallaɓai, katakon nan kamar na san shi."

"Ka taɓa shiga jirgin ruwa?"

"A'a."

"To ɗora."

Aka ɗora kansa a dokin ƙofa, gindinsa a ƙasan ramin, daf da ƙafar zaki. Nan aka gano in gangara na nan ƙofar otal ba ta rufuwa, in an rufe ta kuma ba wurin gangara. Injiniya ya ce a otal na gaske ba a rufe ƙofa. Ya kawo man goge katako ya shafe falankin sau uku, har ƙuda ya sauka ya zame.

Sannan gwaji. Keken yana asibiti, saboda haka ya ɗora buhun siminti biyu a baro, ya ce nauyin Inna ke nan har da bargo. Ya gangara da shi, ya hauro, ya gangara, ya hauro, sau goma, ba takalmi don kar santsi ya kwashe shi. Ko gezau.

Maman 'Yan Biyu na tsaye da tsintsiya.

"Baro taya nawa gare shi?"

"Ɗaya mana. Meye haɗin?"

"Tambaya ce."

Ta shige ɗakinsu. Can aka ji ana jan gado, ana tura kabad. Injiniya ya ce wa Birkila mata ke nan, ana aikin ƙwaƙwalwa suna shara.

Asabar da hantsi tsakar gida ta cika. Shi ya gayyato su, gida gida, har da hedimasta. An jera benci. An ɗaura jan ƙyalle a bakin ƙofar otal don a yanka. Dillali na gaba da sabuwar hula. Mai Aski ya rufe shago ya zo, ya ce ko kwastoma goma zai rasa ba zai rasa wannan ba. Ruwan safiyar ma an kwashe, baho ya cika har baki.

Mota ta tsaya a bayan tulin ƙasa, Yaya ba ta kashe ta ba. Aka sauko da Inna, ta rame, ta yi haske, carbinta a hannu. Yaya ta turo ta har tsakar gida. Inna ta ɗaga kai ta bi ƙofar da kallo har gilashi.

"Auta, sayar da gidan ka yi?"

"Inna, ɗakinki ne. Jakadu goma sha ɗaya..."

"Su ma nan za su kwana?"

Yaya ta leƙa ciki. Ta ga rami, ta ga baho, ta ga igiya. Ta buɗe baki ta rufe, abin da ba a taɓa gani ba. Ta zuge jaka za ta ciro tef, Injiniya ya ɗaga hannu.

"Ajiye abin nan. Aiki ake gani, ba lamba ba. Kawo Inna."

"Uwata ba za ta hau wannan ba sai na ga wani ya hau ya rayu. Kai ka fara."

Aka mayar da Inna kujerar roba. Injiniya ya zauna a keken, ya gyara hula, ya yi jawabi. Ya yi magana a kan mutanen zamanin da, masu gina abu don ya daɗe, da mutanen yanzu masu bautar tef. Ya ce ido baiwa ne. Ya yanka ƙyalle. Ya ce wa Birkila ya tura shi, Birkila ya ce hannunsa na ciwo. Sai ya kama tayoyin da kansa, ya murza da ƙarfi don a ga sauƙin abin.

Keken ya haye dokin ƙofa. Tayar dama ta nemi katako ta dama, ba ta samu ba. Ta hagu ma haka. Falankin ya shige tsakaninsu tsaf, keken ya faɗa a kansa da ciki, ƙafafu na lilo a iska kamar an hau jaki. Man gogewa shafi uku ya karɓi aiki daga nan.

Injiniya ya kai hannu ya cafki abin da ya samu. Igiya ce.

Ƙararrawa ta buga. Maza goma sha huɗu suka miƙe daga benci a tare. Keken ya daki bahon ya tsaya, Injiniya bai tsaya ba. Ya tashi sama kaɗan, igiya a hannu, ƙararrawa na ta faɗa, ya sauka cikin ruwan kwana huɗu da ka. Ruwa ya yi tsalle ya wanke gilashi ja da kore. Falankin ya ɗaga gindi, ya juya, ya kife.

Hula ta fara tasowa, sannan mai ita.

"Wa ya makara?" in ji hedimasta.

Ba wanda ya yi dariya tukuna, don Inna ta ɗaga hannu.

"Ku matso da ni."

Aka ɗauki kujerar har bakin ramin. Ba ɗanta take kallo ba. Bayan falankin take kallo, koren fenti duk ya ɓaɓɓare.

"Wa ya kwantar mini da ƙofa a ƙasa?"

"Inna, katakon jirgi ne," in ji Injiniya daga cikin baho, yana tofar da ruwa. "Ɗakin kyaftin."

Yaya ta sauka ramin da takalminta, ta ja tef a faɗin katakon, ta duba, ta ɗago.

"Auta. Ƙofar da keke ya kasa shiga ta cikinta, ita ka shimfiɗa masa ya bi ta kanta."

Aka waiwaya neman Dillali. Sabuwar hularsa kawai aka hango tana shan kwana.

"Babanku ne ya yi ta da hannunsa shekarar da muka tare," in ji Inna. "Bai taɓa ganin teku ba. Hudar nan ta makulli ce. Ku duba gefen nan, za ku ga zane-zanen wuƙa. Duk shekara yakan tsayar da yaran nan biyu ya auna tsayinsu. Na Yaya layi ɗaya ne. Na Auta kullum biyu: inda ya kai, da inda ya ce ya kai. In ba a zana na biyun ba, ba mai barci a gidan."

Nan ne Mai Aski ya zauna a ƙasa. Dariyar ta bi benci benci har ta fita waje.

Yaya ba ta yi ba. Ta fito da keken, ta girgiza shi, ta ga bai karye ba, ta goge ruwan da gyalenta.

"Inna, mu tafi. Mota na kunne."

Aka mayar da Inna kan keken. Ba ta ce a'a ba. Ta dubi bakin famfon da ta faɗi, ta dubi igiyar shanya, ta dubi inda ɗakinta yake a da, ta sa carbi a cinya ta rufe da hannu. Injiniya na zaune a ruwa har ƙirji. 

"Yaya, ara mini tef ɗin," in ji Maman 'Yan Biyu.

Ta wuce gaba, suka bi ta zuwa ɗayan ɗakin, nata da mijinta. Ta tura ƙofa. Gadon Inna na ciki a shimfiɗe, akwatinta a gefe, rediyo a kan taga. Ƙasa shafe take da tsakar gida, ba tudu ba gangara. Yaya ta auna ƙofar. Ta sake aunawa, don amsar ba ta yi mata daɗi ba. Sannan ta tura keken, ya shige da Inna a kai, har da sauran yatsa biyu.

"Wannan kuma wa ya gyara shi?" in ji ta.

"Ba wanda ya taɓa shi," in ji Maman 'Yan Biyu.

Yaya ta naɗe tef. Ta miƙa wa Mai Aski makulli ta ce ya je ya kashe motar.

"Ku kuma ina za ku kwana?"

"Ni ɗakin 'yan biyu, tunda suna makarantar kwana. Shi kuma yana da otal."

Sai ga Injiniya ya iso yana ɗiga, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dubi Inna a cikin ɗaki, ya goge ido ya ce ruwan bahon ne. Da ya ga mutane na kallonsa, ƙirjin ya dawo wurinsa.

"To kun gani. Tsarin ke nan tun farko. Wancan ɗakin gwaji ne."

"Haka ne," in ji Inna. "A ɗauko mini ƙofata."

Birkila ya ɗauko ta shi kaɗai, hannun ya warke. Aka jingine ta a bango daidai inda Inna za ta riƙa gani daga gado, zanen wuƙa na waje.

"Auta, zo ka tsaya."

"Haba Inna, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi wanka. Tsaya."

Ya tsaya, baya a katako. Layin ƙarshe na can sama, wanda ya ce ya kai yana ɗan shekara goma sha biyar. Yaya ta danna masa kafaɗa don ta ga ya fara ɗage dunduniya, ta ɗora tef a kansa.

"Saura yatsa huɗu."

Injiniya ya juya ya dubi layin. Ya dubi ƙasa. Ya buga daɓen da ƙafarsa mai takalmi, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa.

"Ƙasan ɗakin nan ba daidai take ba. A ba ni kwana biyu da diga."

"Na ba Dillali jiya," in ji Maman 'Yan Biyu. "Ya ce ta wani babban injiniya ce."